Ki Kwance Kayanki a Balensiya

Ƙofar Durbi, Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida takwarata Ummi, ina kuma gaida maigidanki can ƙasar Sifaniya inda yake jiranku. Ina fata kin tashi lafiya, ya gajiyar haɗa kaya, ya kuma zirga-zirgar masu zuwa sallama. Allah ya sa tafiyar nan da za ku yi alheri ce, ya tsare ku a ƙasa, ya tsare ku a sama, ya kai ku lafiya.

Na san za ki yi mamakin samun takarda daga gare ni, alhali tsakanin ɗakina da ɗakin da kika sauka bai wuce tsakar gida ba. Za ki kuma yi mamakin ganin sunanki a sama. Ke ce ta fari, bakina bai saba da shi ba. Tun kina cikin zani Ta-Abijan nake ce maki, kamar yadda kowa ke faɗi a gidan nan. In na zauna gabanki ba zan iya faɗin rabin abin da ke raina ba, sai in ɓuge da tambayarki ko kin sayi kuka da daddawa. Shi ya sa na aiki ƙanenki Kabiru ya sawo mani takarda, na sa tabarau, na zauna gindin darbejiya bayan azahar.

Tun ranar da maigidanki ya turo hoton unguwarku a waya, wanda yake tafe yana ɗauka yana bayani, ban daina kallonsa ba. Kabiru ya gaji da kunna mani. Na haddace titin nan kamar na taɓa bin sa da ƙafata. Ga tsofaffin benaye masu launin ƙasa, kowace taga da 'yar barandarta, an shanya kaya suna kaɗawa. Ga itatuwan lemu a jere bakin hanya, sun yi 'ya'ya har suna zubowa, ya ce masu ɗaci ne, ba mai sha. Ga shagon kayan miya na wani ɗan Pakistan, ga mahaucin Maroko mai yankan Musulunci, ga gidan burodin wasu mata daga Kolombiya, ga shagon ɗan Sin da ake samun komai tun daga allura har bokiti. Ga masallacinku a ƙasan wani bene, wanda a da garejin gyaran mota ne. Ya ce masu hali na birnin Balensiya ba su cika son unguwar ba, wai ta cika hayaniya da baƙi, shi kuwa sauƙin haya ya kai shi, daga baya ya ji ba ya son barinta.

Sai ya hau matakala yana haki, don gidan ba na'urar hawa, ya kai ƙofarku. Ƙofar da ke kallon taku ta buɗe, wata tsohuwa mai farin gashi ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta ɗaga wa wayar hannu ta yi magana da yarensu. Ya yi dariya ya ce, "Inna, wannan Karmen ce, maƙwabciyarmu. Wai tambaya take yaushe 'yar yarinyar za ta iso."

A nan nakan ce wa Kabiru ya tsayar. Idan barcin rana ya fara ɗibata a kan tabarma, sai in ga kaina a wannan titi, ina tafe ƙarƙashin lemun nan, amma ƙamshin da nake ji ba na lemu ba ne. Ƙamshin soyayyen kifi ne da ruwan sama a kan kwano. Sai in farka in gane Abijan na koma. Unguwar da za ki, na taɓa zama irinta, ɗiyata, kuma ban iya zaman ba sai da lokaci ya kusa ƙurewa. Abin da nake son gaya maki ke nan.

Kin san mahaifinki, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya kai shi can. Ina amarya ya ɗauke ni muka tafi. Ya kama mana ɗaki ciki da falo a wani gidan haya kusa da tashar jiragen ruwa, inda talakawan kowace ƙasa suke taruwa. Ɗakuna ne a kewaye, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, da wata bishiyar mangwaro. Akwai tela ɗan Senegal, akwai mata 'yan Mali masu rini, akwai wani mai gadi, Bamoshe ne a ƙabila, da iyalinsa. Ɗakin da ke jikin namu na wata mata ce Kirista, 'yar ƙabilar Baule, ana ce mata Akisi. Sana'arta aceke, wato garin rogo da ake turarawa kamar dambu, a ci da kifi.

Kuskurena na farko shi ne ban kwance kayana ba. Akwatin da na zo da shi, da kwanukan da innata ta jera mani, da labulen da na ɗinka da hannuna, duk na bar su a ɗaure a lungu. Na fiddo tukunya ɗaya da kwano biyu, na ce sun isa, ai baɗi za mu koma gida. Baɗi ta zo, na ce wata baɗin. Mahaifinki yakan ce, "Ki rataya labulen nan mana, ɗakin ya yi kama da ɗaki." Sai in ce, "Don mi zan ɓata shi a gidan haya?" Wata rana Akisi ta miƙo mani wani ɗan tsiron gwanda a cikin gwangwani, ta nuna mani gefen tagata. Na girgiza kai, a raina ina cewa wa zai zauna ya jira gwanda. Ta ɗaga kafaɗa ta dasa abinta a wurin. Gwandar nan ta girma ta wuce taga, ta yi 'ya'ya, na sha, ke ma kin sha. Ranar da na kwance ƙullin labulen kuwa, sanyin ƙasar ya riga ya cinye shi, ya yi baƙi-baƙi, hannu na taɓawa yana yagewa.

Na ji kina gaya wa masu zuwa sallama cewa shekara biyu kawai za ku yi. Wataƙila haka ne, Allah shi ya san gobe. Amma ko wata biyu ne, ki kwance kayanki a ranar da kika isa. Ki jera kwanukanki, ki rataya labule, ki turara ɗakin da turaren wutar da na haɗa maki har ya shiga bango. Na sa maki irin yakuwa da na rama a ƙullin leda. In masu binciken kaya sun karɓe, kada ki yi musu da su, ki sayi ko na'a-na'a ne a shagon ɗan Pakistan ɗin nan, ki dasa a baranda, Ummi ta riƙa ba shi ruwa. Kwanakin da mutum ya yi yana jiran komawa gida, su ma daga cikin kwanakinsa ake cire su. Ni ban san haka ba sai da na waiwaya.

Na biyu, na rufe ƙofata. Da safe in fito in ɗebi ruwa tun kafin matan gidan su taru, in koma in ja ƙyaure. Ina jin su suna hira suna shewa gindin mangwaro, da yaruka uku ko huɗu a haɗe, ni kuwa ina ciki ina saƙar hula ina tunanin Katsina. Ba ƙin su nake ba. Tsoro nake ji, na kuma ɗauka kamun kai ne. Kowace Asabar Akisi takan ƙwanƙwasa, ta miƙo mani kwanon aceke da kifi da yankakkiyar albasa. In karɓa in yi murmushi. Da ta juya, sai in kai bayan ɗaki in juye wa agwagin Bamoshe, in wanke kwanon in mayar mata wayam. Ina gudun ban san mi ya taɓa tukunyarta ba. Ban taɓa tambaya ba, ban kuma taɓa zuba mata ko ɗan dambun nama a kwanon ba.

Ki tsare addininki, wannan ba sai na gaya maki ba, na san tarbiyyar da na yi. Abin da aka haramta ya haramta ko a ina. Amma tambaya ba ta karya alwala. In tsohuwar nan Karmen ta kawo maki abinci, ki yi mata godiya, ki tambaye ta mi da mi ke ciki, ki gaya mata abin da kike ci da wanda ba ki ci, a fili, da fara'a. Mutane sun fi ɗaukar gaskiya fiye da yadda muke zato. Kwanonta kuma kada ya koma wayam. Ki soya mata ƙosai, ki yi mata waina. In ta ce yaji ya yi yawa ku yi dariya tare.

Na uku shi ne yare. Na yi makaranta, ina da ɗan Turancina, amma can Faransanci ake yi da Julanci, Turancina bai saya mani ko gishiri ba. Na ce ai mahaifinki yana ji, ya ishe mu. Shi ke cefane, shi ke magana da mai gidan haya, shi ke kai ni awo asibiti ya yi bayani. Na zama kamar jaririya a bayansa, ina kuma jin daɗin hakan.

Ranar da za ki zo duniya, ya tafi ƙauyukan da ake sarin goro, don a lissafinmu da sauran lokaci. Da hantsi aka tsuge da ruwa irin nasu na can, wanda ba ka ganin ɗakin da ke gabanka. Ciwo ya taso mani gadan-gadan. Na daure, na daure, har na kasa. Na rarrafa na buɗe ƙofar nan da na saba rufewa. Akisi tana ƙarƙashin rumfarta tana tankaɗe. Na buɗe baki in kira ta, sai na ga ba ni da kalma ko ɗaya da za ta gane. Sunanta kawai na iya faɗi.

Ta ɗago ta dube ni, ta saki rariya garin ya watse a ƙasa. Ta ƙwala wa tela kira, ya fita cikin ruwan nan ba ko lema ya taro tasi. Matan Mali suka ɗauke ni cak. A cikin motar Akisi ta ɗora kaina a cinyarta, tana share mani gumi da gefen zaninta, tana ta faɗin, "Yako. Yako." Daga baya na san sannu ke nan a bakinsu. Ruwa na dukan gilashi, ba na ganin komai sai fitilun motoci suna narkewa, ga muryarta a kaina tana wata 'yar waƙa a hankali. Har yau in zazzaɓi ya rufe ni, muryar nan nake ji.

A asibiti ma'aikaciya ta yi ta jero mani tambayoyi, ina kallonta kamar kurma. Akisi ce ta amsa duka, har da abin da ban san ta sani game da ni ba. Ita ce ta fara ɗaukarki. Kayan haihuwar da na tanada suna can cikin akwati a ɗaure, don haka ta kwance zaninta na sama ta naɗe ki.

Da muka dawo gida, ta je ta tambayi matan Mali yadda ake yi wa mai jego a wajenmu, ta riƙa dafa mani ruwan wanka safe da yamma har mahaifinki ya dawo. Wata rana ta shigo da romon kifi yana tururi. Na karɓa na ajiye gefe, kamar yadda na saba. Ta dube ni, ta fita, sai ga ta da wata 'yar tukunya a hannu, ta taho da ɗaya daga cikin matan Mali mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta yi magana mai tsawo tana buga gindin tukunyar da yatsa. Matar ta ce, "Ta ce wannan tukunya, satin da kika zo ta saye ta saboda ke. Ba abin da ya taɓa shiga ciki sai kifi da ganye. Ta san ku Musulmi ne." Akisi ta ƙara wata magana tana dariya. Matar ta rufe baki ta ce, "Wai ta san agwagi ke cinyewa. Ta ce ba komai, agwagin sun yi ƙiba, amma yau ke za ki sha, don yarinya na son nono."

Na sha romon nan ina hawaye, ita tana jijjiga ki tana yi kamar ba ta gani ba. Ina son in ce mata abubuwa da yawa, ba ni da bakin faɗi. Daga ranar na fara fitowa gindin mangwaro. Na fara koyon yare kamar yaro, ina nuna abu ana gaya mani sunansa. Sun yi mani dariya har da riƙe ciki, musamman ranar da na je sayen sabulu na ce a ba ni yashi. Ban mutu ba.

Ke kin fi ni ilimi nesa ba kusa ba, amma ina jin tsoron kada Turancinki da wayarki su yi maki abin da mahaifinki ya yi mani cikin ƙauna. Maigidanki ya ce akwai ajin koyon Sifaniyanci da ake yi wa baƙi a unguwar, ki shiga tun satin farko. Ki je kasuwa da kanki. Ki yi kuskure a yi dariya. Ki iya faɗin inda ke maki ciwo, ki iya faɗin sunan titinku, ki iya yi wa maƙwabci sannu in an yi mashi rashi. Ummi za ta riga ki iyawa, yara haka suke, kada ki mayar da ita tafinta, nauyin ya fi ƙarfinta. A cikin ɗaki kuwa ki yi mata Hausa, Hausarmu ta Katsina, don in ta kira ni a waya mu fahimci juna ba sai an tsaya tsakaninmu ba.

Akwai wani abin da har yau in na tuna nakan yi wa kaina dariya. Duk zamana a Abijan ina jin kukan jiragen ruwa, ina shaƙar gishiri a iska, ƙarfen gadona har tsatsa ya yi, amma ban taɓa zuwa na ga teku ba. Na ɗauka yawon banza ne, aikin marasa abin yi. Sai da mahaifinki ya ce kasuwa ta juya, mu shirya komawa gida, sannan Akisi ta ji labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ba ki taɓa gani ba? Tashi." Wata Lahadi da la'asar muka shiga ƙaramar bas, ni da ita da ke, kina tafiya dagwai-dagwai lokacin.

Bilkisu, ban san yadda zan kwatanta maki ba, ko da yake kina wurin. Mu da muka tashi muna ganin ruwa a rijiya da tafki, kowane ruwa yana da ƙetare. Wannan ba shi da shi. Ya tafi, ya tafi, har ya haɗe da sama, ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare. Rana tana sauka cikinsa a hankali, ruwan ya koma kamar an narka tagulla. Yana zuwa ya taɓa ƙafata ya koma, ya sake zuwa, kamar mai son magana yana jin nauyi. Ke kuwa kina binsa da gudu in ya ja baya, in ya dawo ki juyo kina ƙyalƙyala dariya ki faɗa jikin Akisi. Na tsaya ina ta tasbihi ban san ina yi ba. Ban taɓa jin ƙanƙantata da girman Allah a lokaci guda kamar ranar ba. Akisi ta dafa ni ta ce, da ɗan Faransancin da na fara ji, "Kullum yana nan. Kuɗin bas kawai."

Sau ɗaya ke nan na gan shi a rayuwata. An ce Balensiya ma a bakin teku take. Kada ki jira sai kuna shirin tahowa. Ki ɗauki Ummi ku je tun kuna sababbi, ku koma, ku sake komawa. Ki shiga lambunan garin, ki leƙa tsohuwar kasuwarsu, ki zauna a bencin bakin titi kusa da tsofaffin nan ki kalli mutane suna wucewa. Kallon ƙasar Allah ba ya rage wa mace mutunci. In kin je bakin ruwan, ki tsoma ƙafarki ki tuna da ni.

Ba zan ɓoye maki ba, za ki gamu da abin da ba daɗi. Wani zai kalli hijabinki ya ɗaure fuska. Wata za ta matsa in kin zauna kusa da ita a mota. Ni ma an yi mani a can, a ƙasar baƙaƙe 'yan uwana, har an taɓa ce mana mu koma inda muka fito. Ranar zai yi maki ciwo, ki bar shi ya yi, ki yi kuka in kina so. Amma kada ki ɗauki fuskar mutum ɗaya ki liƙa wa gari duka. Za ki kuma ga samarinmu na Afirka da suka shiga ƙasar ta hanyar wahala, suna talla a bakin titi. Kada takardunki su sa ki ɗauke kai. Ki yi masu sallama. Ranar Sallah ki ƙara hannu a tuwo, ki aika masallaci, kowannensu akwai wata uwa irina da ke zaune tana jiran waya.

Kuskurena na ƙarshe ban gane shi ba sai da muka dawo. Duk shekarun nan na ajiye wata Katsina a kaina, ina shiga cikinta kullum in rufe ƙofa. Da muka sauka, sai na tarar ba ita ba ce. Innata ta tsufa, ƙawayena sun watse gidajen aure, filin da muke wasa an gine shi, hanyar Batagarawa da na sani da gonaki ta fara cika da gidaje. Na shiga Babbar Kasuwa na rasa rumfar da muke sayen zare. Sai ga ni a gidan nan, gindin darbejiyar nan, ina kewar mangwaron Abijan da shewar matan Mali. Akisi kuwa ko adireshinta ban karɓa ba, don a lokacin gani nake ai fatake na zuwa kullum. Da na aika a nemo ta, aka ce an rushe gidan, ba wanda ya san inda ta koma. Ban san ko tana raye ba. Ina yi mata fatan alheri duk inda take.

Ku yanzu kuna da waya, kuma ita nake ji maki tsoro fiye da komai. Za ki iya zama a Balensiya shekara da shekaru kina cikin hirar gidan nan, kin san wa ya haihu a Ƙofar Durbi, wa ya yi faɗa da wa, amma ba ki san sunan mai burodin ƙasan benenku ba. Ki kira ni ranar Juma'a, mu yi hira mai tsawo, ki nuna mani takwarata. Sauran kwanakin ki ajiye wayar ki fita. Ina son in kin kira ki ba ni labarin can, ba ki tambaye ni na nan ba. Ki gaya mani abin da Karmen ta ce, da yadda yakuwarki ta yi, da ko an sami wanda ya iya shan lemun nan mai ɗaci.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya kina shafa mani man zafi a gwiwa, kanki a sunkuye, kika ce, "Inna, ƙafar nan taki ba ta yi mani ba. In kin ce in zauna, wallahi zan zauna. Shi baban Ummi ya ci gaba da zuwa hutu." Na yi shiru, na ce maki ki duba tukunya kada ta ƙone. Na ga yadda kika fita. Kabiru ya gaya mani har kin tambaye shi yadda ake ɗaga tikiti.

Shirun nan ba na fushi ba ne, ba kuma na amincewa ba ne. Tsoro na ji kada in buɗe baki zuciyata ta riga hankalina magana, don zuciyata so take ki zauna. Ina so in riƙa jin ƙafar Ummi a tsakar gida. Amma na yi istihara, na kuma yi tunani, ga amsata: ki tafi. Ban ce ki zauna ba, ba kuma zan ce ba. Yarinyar nan tana bukatar ubanta, ke kina bukatar mijinki, aikin da aka yi maki alkawari a can kin sha wahalar karatunsa. Gwiwata tsufa ne, zamanki ba zai mayar da ita sabuwa ba. Kabiru da matarsa suna nan, maƙwabta suna nan, Allah yana nan. Da innata ta riƙe ni lokacin da mahaifinki ya zo ɗaukata, da ba a yi Ta-Abijan ba. Na yafe maki duk abin da kike zaton kin yi mani, duniya da lahira. Ki tafi da zuciya sake, kada ki ɗauki laifin da ba ki yi ba ki hau jirgi da shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ki sallami baƙi ki zo ki zauna gabana da kibiya da man kitso. Rabon da in yi maki kitso tun kina sakandare, yatsuna sun yi nauyi, amma za su iya. Zan yi maki ƙanana, masu daɗewa, in ja su da kyau yadda za su kai ki wata guda. Ba za mu yi magana ba in ba ki so. Sharaɗina shi ne kada ki tsefe shi da kanki. Kafin ya tsufa, ki samo a unguwar nan macen da za ki zauna gabanta ki ba ta kanki, ko 'yar Senegal ce, ko 'yar Maroko, ko tsohuwar da ba ta taɓa taɓa gashi irin namu ba, ki koya mata. Ranar da aka tsefe maki shi, ki kira ni ki gaya mani sunanta. Ranar zan san kin isa.

Allah ya kai ku lafiya, ya saukar da ku lafiya. Allah ya tsare gabanku da bayanku, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya sa ku zama na gari gare su. Allah ya sa albarka a ɗakinku da abincinku da aikinku, ya raya mani takwarata cikin imani. Allah ya kare ku daga sharrin mutum da na aljan, da ciwon da ba a san kansa ba, da kaɗaici. In da rabon mu sake ganawa, Allah ya nuna mana cikin alheri. In kuwa babu, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Allah ya yi maki albarka, Bilkisu.

Mahaifiyarki,
Inna.